Wa Zai Karanta Abin da Yaron Ya Rubuta?

A hutun zangon da ya wuce aka tara mu, malaman sakandare, a wani zaure a Tudun Wada ta Zariya don bita. Mai jawabin matashi ne mai fara'a, ya zo da kwamfutarsa da majigi. Ya ce mu ba shi irin batun da muke ba yara a darasin insha'i. Wata malama ta ce a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa kan matsalar ruwa a unguwa. Ya buga wannan a manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira. Kafin mu gyara zama sai ga wasiƙa a bango, sakin layi huɗu, da buɗewa da rufewa, ba kuskuren rubutu ko ɗaya.

Ya juyo yana murmushi ya ce, "Iyayena malamai, zamanin jan biro ya wuce. Yanzu abin da ya rage, ku koya wa yara yadda ake tambayar na'ura."

Zauren ya ɗauki tafi. Ni dai matashin bai ba ni haushi ba, hajarsa yake tallatawa, kuma ya iya talla. Tafin ne ya tsaya mini a rai, don masu tafin sun fi kowa sanin cewa abin da ke bangon nan bai isa a kai wa kowane shugaba ba.

Babu sunan unguwa a ciki. Babu rijiyar burtsatsen da ta lalace, balle ranar da ta lalace. Babu kuɗin da 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka, babu 'yan matan da ke makara zuwa makaranta saboda layin famfo. Wasiƙar za ta zauna daidai a Gyallesu, za ta zauna daidai a Tudun Jukun, in ka kai ta wani gari a Indiya ma za ta zauna. Da ɗalibata ce ta kawo mini ita, da na mayar mata na ce ta je ta zaga unguwarsu tukuna.

Ra'ayina ke nan tun daga farko: yaro ba ya koyon rubutu sai da mutumin da zai karanta abin da ya rubuta, ya ce masa "nan ban gane ba," ya mayar masa ya sake. Wannan mutumin ne ya yi ƙaranci a makarantunmu. Duk na'urar da za a sayo, in ba ta ƙara masa lokaci ba, ba ta taɓa matsalar ba. Wata ma lulluɓe matsalar take yi a daina ganinta, wannan kuwa ya fi muni.

Da aka zo lokacin tambayoyi na faɗi abin da na gani game da wasiƙar. Matashin ya ce, "Ai Baba, sai ka ba ta bayanan, ita kuma ta tsara maka." Gaskiya ya faɗa. To amma wa zai zaɓi bayanan? Sanin cewa farashin jarka ya fi "muna cikin mawuyacin hali" ƙarfi, da sanin cewa a fara da ranar da famfo ya tsaya kafin a gangaro kan roƙo, da sanin abin da za a haɗiye don kada shugaban ya ji kamar zaginsa ake yi, ai darasin insha'in ke nan ɗungurungum. Wanda ya iya wannan ya riga ya iya rubutu. Wanda bai iya ba bai san abin da zai gaya wa na'urar ba, in kuma ta miƙo masa fanko ba zai gane fanko ba ne.

"Malam, kai dai ba ka son ci gaba"

Ita ce magana ta farko da ake jefa wa duk wanda ya ce a dakata. Sai a tuna mana cewa kakanninmu sun guji boko, sun ɓoye 'ya'yansu, yau ga mu muna cizon yatsa. Haka ne. Amma ba kowane sabon abu ne boko ba, kuma jerin na'urorin da aka ce za su gyara makaranta ya fi shekarun matashin nan tsawo.

A 1913 Thomas Edison, Ba'amurken nan mai ƙere-ƙere, ya ce nan da ɗan lokaci littafi zai zama tsohon yayi a makarantu, majigi zai maye gurbinsa. Bayansa aka ɗora wa rediyo irin wannan buri, sannan talabijin. A 2005 aka fito da shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda aka yi ta kira kwamfutar dala 100. Har nan Nijeriya an gwada shi a wata firamare a Galadima kusa da Abuja. Ƙasar Peru ce ta rungume shi hannu bibbiyu, ta sayi dubban ɗaruruwa ta raba wa yaran karkara. Da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya yi nazari a kai, sakamakon da ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfutar, amma a lissafi da harshe ba su fi waɗanda ba a ba su ba.

Suwidin, wadda ba ta da matsalar wuta ko ta kuɗi, ta yi nisa wajen mayar da azuzuwan ƙananan yara kan allon na'ura. A 2023 gwamnatinta ta ja birki, ta ware kuɗin sayen littattafan takarda, ta ce a koma ba karatu da rubutun hannu muhimmanci. A shekarar ce kuma UNESCO ta fitar da rahotonta kan fasaha a harkar ilimi, ta ce ƙwararan hujjojin da ke nuna amfanin waɗannan kayayyaki ba su da yawa, kuma da dama daga masu sayar da kayan suke fitowa.

Mu ma mun ɗanɗana a 2020 da aka rufe makarantu saboda korona. An yi darussa ta rediyo da talabijin, kuma na yaba wa waɗanda suka yi. Sai dai rediyo yana iya gaya wa yaro yadda ake buɗe wasiƙa, ba ya iya karɓar wasiƙar ya duba. Da aka dawo aji kowane malamin harshe ya ga abin da watannin nan suka ci.

Ban da haka, bai kamata a zo Zariya a yi mana laccar tsoron na'ura ba. A garin nan hukumar da ta sa gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa a 1933 take da mazauni. A nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. A nan aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, daga baya hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, daga baya kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC. Injin ɗab'i shi ne babbar fasahar wancan zamani, kuma Zariya ta karɓe shi da hannu biyu. Amma a duba yadda aikin ya gudana. Imam malamin makaranta ne matashi a Katsina lokacin da ya shiga gasar. Da aka ga yana da hannu sai aka kawo shi Zariya ya zauna da Rupert East, Baturen da ke jagorantar hukumar da ta sa gasar, ana rubutawa, ana karantawa, ana gyarawa, ana sakewa. Daga baya shi ma ya zauna kan kujerar edita yana karanta wasiƙun da masu karatu ke aiko wa jarida daga ko'ina a Arewa. Injin ya yaɗa rubutun, ba shakka. Amma kafin takarda ta kai ga injin, sai ta bi ta hannun wanda ya karanta ta.

"Ai yaran yanzu sun fi na da yawan rubutu"

Wannan ta fi ta farko nauyi, kuma rabinta gaskiya ce. Ba a taɓa rubuta Hausa da yawa kamar yau ba. Ɗan acaɓa yana rubutu, mai shayi yana rubutu, amarya a ɗakinta tana rubutu. A Facebook akwai matasan da ke rubuta sharhi mai ma'ana da Hausa tsab, wasu na fi jin daɗin karanta su a kan manyan jaridu. Akwai kuma matan da ke rubuta littattafai sukutum a waya, suna sakin su shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Wattpad, har ana biyan su kuɗi. Wanda ya raina wannan bai san abin da yake faɗa ba.

Sai dai a lura da abin da ya sa waɗannan marubuta suke gogewa. Suna da masu karatu da ba sa ragawa. Marubuciya ta saki shafi da dare, kafin asuba an ce mata, "Anti, jiya kin ce mijin yana Kano, yau kuma ga shi a falo, yaushe ya dawo?" Dole ta koma ta ɗinke ɓarakar. Wato sun samu abin da nake cewa yaranmu sun rasa: mai karatun da zai ce bai gane ba. Wayar hanya ce kawai da ta haɗa su.

Ɗalibina na aji huɗu ba wannan rubutun yake yi ba. Nasa hira ce. "Slm, ykk, ya gida, xan xo anjima." Ni gajarce kalmomin nan ba ya tayar mini da hankali kamar yadda yake tayar wa wasu abokan aikina. Yaro ya san da abokinsa yake magana, kuma in an matsa masa zai rubuta "zan zo." Ko rashin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya, abu ne da ake gyarawa a mako biyu in an sa kai.

Abin da ba ya gyaruwa a mako biyu shi ne wannan. A hira, wanda kake magana da shi yana nan. In ka faɗi rabin magana zai ce "kamar ya?" sai ka ƙarasa. In ka rikice sai ka danna ka aika saƙon murya, ka yi ta zagaye har ya gane. Nauyin fahimta a kan ku biyu yake. Rubutu na gaske kuwa magana ce da wanda ba ya nan, ba zai iya tsayar da kai ba, wataƙila ma bai san ka ba. Kai kaɗai za ka hango inda zai ruɗe, ka share masa hanya tun kafin ya iso. Wannan aiki ne mai wuya, kuma hira ko ta shekara goma ce ba ta koyar da shi, don ba ta taɓa buƙatarsa.

Shi ya sa za ka ga yarinya mai kaifin baki, wadda in ana muhawara a aji ba mai kayar da ita, amma ka ce ta rubuta hujjojin nan nata a shafi ɗaya sai ka samu jimloli a warwatse, kowace tana tsaye ita kaɗai, babu "saboda," babu "duk da haka," babu "wannan ya sa." Ƙananan kalmomin nan su ne ke nuna cewa mutum ya san yadda tunaninsa na farko ya haifi na biyu. A hira ba a cika neman su ba. Sai ka aika guntu, ka aika wani guntun, mai karɓa ya haɗa da kansa.

Game da saƙon murya, kada a ce na ce a hana. Gwaggota ba ta yi boko ba, yau tana aika wa 'yarta da ke aure a Legas saƙo ba tare da ta nemi yaron da zai rubuta mata ya ji sirrinta ba. Wannan alheri ne babba. Amma abin da ya zama 'yanci ga gwaggo ya zama mafaka ga ɗan sakandare. Duk lokacin da magana ta kai inda sai an zauna an tsara ta, sai ya danna maɓallin murya ya tsere.

Batun kalkuleta

Wani abokin aikina mai koyar da lissafi ya ce mini, "Malam, haka aka yi ta kururuwa da kalkuleta ta zo, yau ga shi har zauren jarrabawa ana shiga da ita, lissafi bai mutu ba."

Na ce masa, Malam, kai da kanka ba ka ba ɗan aji uku na firamare kalkuleta. Sai ya haddace jadawalin sau, ya iya raba dogon lissafi da hannu, sannan a sakar masa ita, don a lokacin in ta nuna masa amsar da ba ta yi kama da gaskiya ba zai ji a jikinsa cewa ya danna ba daidai ba. Abin da ake so mu yi da insha'i shi ne mu ba da na'urar tun kafin a haddace jadawalin.

Kuma akwai bambancin da ya fi wannan. Kalkuleta in ka danna daidai ba ta yi maka ƙarya. Waɗannan manhajoji kuwa, tun da ChatGPT ta fito a watan Nuwamban 2022, kowa ya san suna iya ƙago abin da babu shi su faɗe shi da cikakken ƙarfin hali. Aikinsu shi ne jera kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna, bisa ɗimbin rubutun da aka ɗura musu. Sau da yawa hakan yana dacewa da gaskiya, wani lokaci ba ya dacewa, kuma muryar iri ɗaya ce a duka biyun. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in baya da manhajar ta ƙago musu. Lauyoyi ke nan, masu shekaru a bakin aiki. Ina ga ɗan shekara goma sha biyar a Kwarbai da aka ce ya rubuta tarihin ganuwar Zazzau?

In da Hausa aka tambaye ta, abin ya fi haka. Rubutun Hausa da waɗannan na'urori suka koya daga gare shi kaɗan ne in an gwada da na Turanci, shi ya sa sau da yawa za ka ga kalmomin na Hausa ne amma tafiyar jimlar ba tamu ba ce. Babba mai kunnen harshe zai ji. Yaron da bai karanta littafin Hausa ko biyar ba zai ɗauka haka ake rubuta Hausa mai kyau, ya kwaikwaya.

Amma ko da ranar za ta zo da na'urar ba ta kuskure ko kaɗan, maganata tana nan. Ba don muna ƙarancin wasiƙu muke sa yara rubuta wasiƙa ba. Shugaban ƙaramar hukuma ba ya jiran wasiƙar 'yan aji huɗu. Wahalar da yaron zai sha wajen rubutawa ita ake nema, kamar yadda ɗan dambe ba ya ɗaukar hayar wani ya yi masa atisaye. Mutum yakan zauna da tunanin ya fahimci abu, sai ya ɗauki biro ya ga ashe bai fahimta ba, ya koma ya sake tunani. A wannan komawar ake yin ilimi. Yaron da na'ura ta tsallakar da shi wurin nan ya kawo takarda mai kyau, amma kansa yana inda yake jiya.

Lissafin da ba a yi a wajen bita

Yanzu ga hujjar da ta fi kowace ƙarfi, kuma daga bakin malamai take fitowa, ba 'yan talla ba. Suna cewa: duk abin da ka faɗa mun yarda, amma wa ke da lokacin karanta rubutun? In na'ura za ta duba wa yaro ta nuna masa kurakuransa, ai ya fi a ce ba wanda ya duba sam.

Bari mu yi lissafin. A ce malama tana da aji biyar, kowane aji yara 80, wanda duk mai koyarwa a makarantar gwamnati ya san ban yi ƙari ba. Littafi 400 ke nan. In ta ba kowane minti biyar kacal, ta karanta, ta ja layi, ta rubuta jimla ɗaya ta shawara, minti 2,000 ne, sama da awa 33. Insha'i ɗaya ke nan, ba a sake shi ba. Ga shiga aji, ga rubuta tsarin darasi, ga gidanta da 'ya'yanta. Abin da ke faruwa kowa ya sani: ana ba da insha'i sau ɗaya ko biyu a zango, a sa hannu a ƙasa, a ba da maki bisa kyan rubutun hannu da tsawon shafi. Ba lalaci ba ne, awoyin ne babu.

To a nan na yarda na'ura tana da wurin zama. In za ta ɗauke wa malama tattara maki, da cike takardun sakamako, da shirya tambayoyin gwaji, ta bar mata awoyin nan ta karanta rubutun yara, ina maraba da ita. In babban ɗalibi, wanda ya riga ya iya tsara tunaninsa, zai ba ta daftarinsa ta nuna masa inda ya maimaita kansa, ba ni da ja.

Inda na tsaya shi ne a ce ita za ta zama mai karatun. Dalili na farko, yaran da ke ajin mutum 80 su ne waɗanda ba su da wayar, ko suna da ita babu data, musamman tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin 100 a farkon 2025, ga kuma wutar da za a yi caji. Ɗan mai hali, wanda ke da waya da data, shi ne kuma ke ajin mutum 20 da malamin da ke karanta rubutunsa. Ƙarshenta masu kuɗi su riƙe malami su ƙara da na'ura, a ce wa talaka ya yi haƙuri da na'urar da ma ba ta hannunsa.

Dalili na biyu, duba rubutu ba farautar kuskure kaɗai ba ne. A nan malami ke sanin ɗalibinsa. A insha'i ne za ka gane wannan yarinya tana karatu a gida, wancan yaron kwafa yake yi, wannan kuma da ba ya magana a aji ashe yana da abin faɗa. A nan za ka san wanda za ka matsa wa da wanda in ka matsa masa zai karye. Yaro kuma yana rubutu daban in ya san Malama ce za ta karanta, wadda ta san mahaifiyarsa, wadda za ta tuna abin da ya rubuta wancan watan.

Makarantar allo ta daɗe da gane wannan. Yara sun fi ɗari a gaban malam ɗaya, amma ba mai wanke allonsa sai ya zo ya biya an ji, an duba rubutun an gyara. Da yake malam ba zai iya shi kaɗai ba, sai ya sa manyan almajirai su duba na ƙanana. Ba su da komai sai allo da tawada da alƙalamin kara, amma tsarin bai yarda wani ya wuce ba a ga aikinsa ba. Mu da muke da digiri a fannin koyarwa mun bar wannan ya kuɓuce mana.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji, ta ce 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba, aka sallame su. An yi ta rigima kan adalcin abin, kuma har yau malamai da yawa suna da ciwonsa. Ko wane ɓangare mutum yake, aƙalla a lokacin gardamar tana kan wanda ke tsaye a gaban allo: ya iya ko bai iya ba, nawa ake biyansa, yara nawa aka tara masa. Yanzu an ɗauke gardamar daga kansa an mayar kan kayan da za a sayo, don sayen kaya ya fi sauƙi, kuma ana iya ɗaukar hotonsa ranar ƙaddamarwa.

Jarrabawa ita ke jan akalar aji

Akwai wani abu da ke ƙara tura mu wannan hanya. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma tambayoyinta duka na canki-canka ne. Ɗalibi zai ci maki mai yawa ba tare da ya rubuta jimla ɗaya tasa ba. Ban ce tsarin bai rage maguɗi ba. Amma yara ba wawaye ba ne, iyaye ma haka. Sun ga ƙofar jami'a ba ta tambayar insha'i, sai cibiyoyin koyon danna amsa suka cika Samaru da Sabon Gari. Takardar insha'i ta WAEC da NECO ce ta rage tana tilasta wa makarantu su koyar da rubutu, kuma yanzu da ake maganar mayar da su ma kan kwamfuta, abin da ya kamata malaman harshe su sa wa ido shi ne kada a rage wannan ɓangaren don ya fi wuyar dubawa. A buga shi a kwamfuta ko a rubuta da biro, wannan ƙaramar magana ce, muddin yaron ne zai tsara shi da kansa kuma mutum zai karanta.

Malaman jami'a su ke karɓar abin da muka aika musu. Da can ɗalibi yakan je shagon buga takardu a kwafo masa jinga daga intanet, malami ya gane don ya ga rubutun a wani wuri. Yanzu kowane ɗalibi da nasa kwafin daban, sumul, ba inda za a kama. Hanyar da ta rage ita ce tsohuwar: a kira shi a ce, "Ɗana, rufe takardar, gaya mini abin da kake nufi da sakin layi na uku." Wannan ma lokaci yake ci, wato mun sake dawowa kan yawan ɗalibai da ƙarancin malamai.

A ajina abin da nake yi ba sabo ba ne. Insha'i a cikin aji ake rubuta shi, a gabana, ba a kai shi gida. Gajere ne, rabin shafi, kan abin da yaron ya gani da idonsa: yadda ake cinikin tumatir a kasuwar Sabon Gari, abin da ya faru a layinsu ranar da aka yi ruwan farko, yadda ake hawan Daushe in ya taɓa zuwa kallo. Sai su yi musaya, kowa ya karanta na ɗan'uwansa ya sa alama a duk inda bai gane ba, ba ruwansa da gyaran harafi. Sai kowa ya sake nasa. Ni kuma in ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu in karanta sosai, mako mai zuwa in ɗauki wani kashin. Bai isa ba, kuma yana cin lokacin da manhajar karatu ta ware wa wasu abubuwa, har wani lokaci a ce ina baya a tsarin aiki. Wasu iyayen ma suna ƙorafin littafin ɗansu bai cika da rubutu kamar na 'yan wani ajin ba.

Ga iyaye masu neman makaranta, musamman masu biyan kuɗi mai yawa saboda an zaga da su ɗakin kwamfuta mai sanyi: ku duba ɗakin, ba laifi. In kun koma gida ku karɓi littafin insha'in yaron ku buɗe. Kada ku tsaya kan makin. Ku nemi inda malami ya rubuta masa magana, ko da jimla ɗaya ce, da inda yaron ya sake rubuta abu ɗaya karo na biyu. In zango ya ƙare ba ku ga shafi ɗaya irin wannan ba, ku koma wurin shugaban makarantar ku tambaye shi yara nawa ne a ajin, kuma aji nawa malamin yake ɗauka.